Kafin A Jona Injin Wanki: Irin Soket Ɗin Da Tsakar Gida Ke Buƙata

Injin wanki ya daina zama kayan gidan masu hali kaɗai a Kano. Yanzu har cikin kayan jeren amarya ana sa shi, kusa da firij da talabijin, kuma duk wanda ya ratsa shagunan kayan lantarki na Sabon Gari zai gan su a jere, daga masu baho biyu irin na Haier Thermocool da Scanfrost zuwa masu buɗewa ta gaba irin na LG da Hisense. Rigimar takan fara ne ranar da aka sauke injin a ƙofar gida a unguwa irin Rijiyar Lemo, aka shigar da shi tsakar gida, aka duba bango aka ga babu soket ko ɗaya kusa da inda ake wanki.

Gidaje da yawa a wannan yanki na titin Katsina an yi musu wayarin ne a lokacin da nauyin gida bai wuce ƙwan fitila da fanka da rediyo ba. Wanki kuwa a tsakar gida ake yin sa, kusa da famfo ko rijiya ko inda mai ruwa ke juye jarkoki, a kan siminti, galibi ba takalmi. Abin da aka saba yi shi ne a jawo ekstenshan daga ɗaki ta taga, a shimfiɗa shi a ƙasa, a jona injin. Zai tashi, zai yi wanki, kuma wannan tashin ne ke sa a ɗauka an gama magana. Alhali an haɗa abubuwa uku a wuri ɗaya: ruwa, ƙafa a jiƙe, da wutar da ba ta da wata hanyar tsira idan wani abu ya lalace sai jikin mai wankin.

Nawa injin yake ja?

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. A bayan kowace na'ura akwai 'yar takarda ko ƙarfe da aka rubuta wat nawa take ci. Idan aka raba wannan adadi da 230, an sami amp ɗin da za ta ja ta cikin waya. Soket mai ƙafa uku masu kusurwa, wanda muka gada daga Ingila inda aka fito da shi a 1947, iyakarsa amp 13, wato kusan wat 3,000.

Injin mai baho biyu, wanda ya fi yawa a unguwannin da famfo ba ya zuwa kullum saboda ana iya zuba masa ruwa da bokiti, ba ya da ci. Yawanci bai wuce wat 300 zuwa 500 ba, kusan amp biyu kenan ko ƙasa da haka. Mai buɗewa ta gaba shi ne daban, domin akwai hita a cikinsa da ke dafa ruwa, kuma idan ta kama yakan kai wat 2,000 ko fiye, kusan amp tara. Dutsen guga na zamani yana tsakanin wat 1,000 da 2,400. To ranar wanki ita ce ranar guga a gidaje da yawa, musamman da yake kowa yana sauri ya yi amfani da wutar kafin a ɗauke. Injin mai hita da dutsen guga a kan ekstenshan ɗaya suna iya haura amp 13 nesa ba kusa ba. Ko soket mai baki biyu na jikin bango ba a yi shi don ya ɗauki amp 26 ba. Gwajin da ake yi masa a masana'anta na amp 20 ne duka bakunan biyu a haɗe.

Injin busar da kaya kuwa, wanda ke cin wat 2,000 zuwa sama shi ma, a garin da igiyar shanya ke busar da shadda cikin awa guda a watan Afrilu, sai dai mai sha'awa. Wanda ya saya duk da haka, ya ware masa nasa layin.

Waya: inda aka fi cutar mai saye

Masu wayarin suna kiran waya da kaurin jan ƙarfen da ke cikinta: 1.5 ta fitilu da fanka, 2.5 ta soket, 4 da 6 na manyan kaya irin kuka ta lantarki. Soket ɗin wanki 2.5 yake buƙata, a jawo ta kai tsaye daga akwatin bireka, a ba ta birekarta ta amp 20 ita kaɗai. Tsinko wuta daga wayar ƙwan fitilar zaure saboda ita ce mafi kusa, wannan ba sauƙi ba ne, ajiye gobara ne a cikin silin.

Dalilin yana cikin lissafi. Kowace waya tana ɗan tirjiya ga wutar da ke bi ta cikinta, kuma tirjiyar zafi take komawa. A ce daga akwatin bireka zuwa wurin wanki mita 30 ne, zuwa da dawowa mita 60. Idan amp 10 na wucewa, waya 2.5 ta jan ƙarfe za ta ɓatar da kusan wat 44 a matsayin zafi, a baje a tsawonta, abin da ba zai dame ta ba. Waya 1.5 za ta ɓatar da kusan 73. Waya mai kaurin 1 kuwa, irin wadda ake samu a cikin ekstenshan masu araha ko ma wadda ba ta kai ta ba, ta haura wat 100, kuma idan a naɗe take zafin ba shi da inda zai fita. Shi ya sa ake ganin ekstenshan ya yi laushi yana warin roba.

Matsalar ita ce ba duk wayar da aka rubuta wa 2.5 ce 2.5 ba. A kasuwa akwai wadda aka rage mata jan ƙarfe aka ƙara kaurin roba don ta cika ido, akwai kuma wadda cikinta alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Alminiyon yana wuce da wuta kusan kashi 61 cikin 100 ne na abin da jan ƙarfe ke yi, ga shi da saurin karyewa a bakin noti. Gane shi ba wuya: a feƙe bakin wayar a kankare da wuƙa, idan fari ya bayyana a ƙasan jan, an kama ta. Sikeli ma yana tona asiri. Jan ƙarfen da ke cikin naɗi ɗaya na mita 100 na waya 2.5 nauyinsa ya kai kilo 2.2, ban da roba. Alminiyon mai wannan kauri bai cika giram 700 ba. Wanda ya ɗaga naɗin biyu a hannu zai ji bambancin tun kafin a ɗora a sikeli. A shagunan titin Faransa a Sabon Gari ana samun wayoyin kamfanonin gida irin Coleman da Cutix da Nigerchin da Nocaco na Kaduna, sai dai sunan da ya yi suna shi ake kwaikwaya, don haka a duba rubutun da ke jikin wayar kanta da alamar hukumar SON, kada a tsaya a kan leda. Farashin da ya faɗi ƙasa da na sauran shaguna sosai ba rangwame ba ne.

Wani wurin da zafi ke taruwa shi ne bakin noti. Waya mai kyau da aka ɗaure sako-sako a bayan soket ta fi waya mai matsakaicin kyau da aka ɗaure tamau haɗari, domin duk zafin a ɗigo ɗaya yake taruwa. Soket ɗin da aka ga gefen raminsa ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, labarinsa kenan.

Waya ta uku

Nan ne ainihin maganar take. Soket yana da ramuka uku. Biyu na ƙasa su ne na aiki: waya mai wuta, wadda masu sana'ar ke kira layif, ja ce a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo, da mai mayar da wuta, wato nutural, baƙa a tsohon tsari, shuɗiya a sabo. Ramin sama na wayar ƙasa ne, koriya ko koriya da ratsin rawaya. Injin zai yi aiki lafiya lau ko babu ita, shi ya sa ita ce ta farko da ake tsallakewa idan ana son rage kuɗin aiki. A gidaje da yawa idan aka kwance soket, ramin na uku ba a taɓa ɗaura masa komai ba.

Aikinta shi ne ta haɗa jikin ƙarfen injin da ƙasa. Ranar da ruwa ya shiga moto, ko roba ta goge waya mai wuta ta taɓa ƙarfe, wutar za ta nemi hanyar komawa. Idan akwai wayar ƙasa, ta nan za ta bi. Idan babu, za ta zauna a jikin injin tana jiran wanda zai taɓa.

Mata da yawa sun san wani abu da ba a cika ɗaukarsa da muhimmanci ba: injin yana ɗan ja, musamman idan hannu a jiƙe yake ko akwai ɗan yanka a yatsa. Maganin da aka saba shi ne a sa silifas ko a taka katako. A injinan da ke da allon kwamfuta a ciki, akwai ƙananan na'urorin tace wuta da aka ƙera su suna zubar da 'yar wuta kaɗan zuwa jikin injin, da niyyar wayar ƙasa ta kwashe ta. Idan wayar ba ta nan, mai gwadawa da mita zai iya ganin bolt ɗari da wani abu tsakanin jikin injin da ƙasa. Ita wannan 'yar wutar ba ta da ƙarfin kisa. Amma saƙon da take bayarwa a fili yake: injin ba shi da wayar ƙasa, kuma ranar da babbar matsala ta zo, babu abin da zai tare ta. Silifas ba zai taimaki yarinyar da ta zura hannu cikin baho don tsamo kaya ba, ko yaron da ya rarrafo ya dafa injin.

Jikin mutum ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin ya illata. Ana fara jin ta daga kusan miliamp ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na amp. A wajen miliamp 10 hannu na iya ƙanƙamewa ya kasa sakin abin da ya riƙe. Idan ta haura 30 ta daɗe tana ratsa ƙirji, zuciya na iya rikicewa. A tuna birekar layin ta amp 20 ce, miliamp 20,000 kenan. An yi ta ne don ta kare waya daga ƙonewa. Mutum zai iya mutuwa a jikin injin ita kuwa ko motsi ba ta yi ba.

To a kafa ƙarfe a ƙasa, shi kenan? Ba shi kenan ba, kuma wannan ne wurin da ko wasu masu wayarin ke tsayawa rabin hanya. Sandar ƙarfen da ake bugawa a ƙasa tana da tata tirjiyar, gwargwadon danshin wurin. Ƙasar Kano daga Nuwamba zuwa Mayu a bushe take ƙamas. A ce tirjiyar sandar om 100 ce, abin da ba baƙo ba ne ga sanda ɗaya gajera a busasshiyar ƙasa. Bolt 230 a raba da 100, amp 2.3 ne kawai zai bi ta ƙasa ko da waya mai wuta ta manne da jikin injin. Birekar amp 20 ba za ta faɗi a kan amp 2.3 ba. Injin zai ci gaba da zama da wuta a jikinsa, mita kuma na ta cin kuɗi.

Abin da ke cike wannan giɓi wata na'ura ce da ake sa wa a akwatin bireka, ana kiranta RCD ko RCCB, wasu a kasuwa har yanzu ELCB suke ce mata. Ta yi kama da bireka, amma tana da ɗan maɓalli mai harafin T. Aikinta irin na mai POS ne da ke rufe lissafi: abin da ya fita ta layif dole ya yi daidai da abin da ya dawo ta nutural. Idan aka sami giɓin miliamp 30, ta san wuta ta bi wata hanya, ko ta wayar ƙasa ko ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. A duba jikinta a ga an rubuta 30mA. Masu 100 ko 300 na kare gini ne daga gobara, ba na kare rai ba. Ga injinan zamani masu moton inbata, wadda aka rubuta wa nau'in A ta fi dacewa da nau'in AC. Da sandar ƙasa da wannan na'ura tare suke aiki, kuma kuɗinsu a haɗe bai kama ƙafar kuɗin injin ba. Abin mamaki ne a ce an biya dubunnan ɗaruruwa a kan injin, sannan a tsaya ciniki a kan abin da zai kare mai amfani da shi.

Game da al'adar zuba gishiri da gawayi a ramin sandar: tana rage tirjiya na ɗan lokaci, amma gishiri yana cin ƙarfe kuma damina tana wanke shi. Sanda mai tsawo, ko biyu da aka haɗa da tazara a tsakaninsu, a wuri mai danshi, ta fi ɗorewa. A bar bakin mahaɗin a inda za a iya buɗewa a duba, kada a binne shi da siminti.

Akwai dabara ɗaya da ya kamata maigida ya hana ko da mai aikin ya rantse tana yi: haɗa ramin ƙasa da nutural da guntuwar waya a bayan soket. Jan da injin ke yi zai ɓace, kowa ya yi murna. Amma duk ranar da nutural ta tsinke a kan fal, ko aka juya wayoyi wajen gyara ko wajen canja layi, jikin injin gaba ɗaya ya zama waya mai wuta. A unguwar da ake yawan hawa fal ana taɓa wayoyi, wannan ba abu ne mai nisa ba.

Fulogin injin ma abin dubawa ne. Injinan hannu da ake shigowa da su daga Turai suna zuwa da fulogi mai ƙafa biyu zagayayyu, wanda mahaɗin ƙasarsa wasu 'yan ƙarafa ne a gefe. Idan aka cusa shi a soket ɗinmu da tsinken ashana, ko ta adafta mai araha, wayar ƙasa ba ta haɗu ba ko da gidan yana da ita. A yanke shi a sa fulogi mai ƙafa uku mai fis na amp 13: ruwan ƙasa a ɓangaren fis, shuɗiya a ɗaya gefen, koriya a doguwar ƙafa ta sama.

Inda za a kafa shi

Soket ɗin tsakar gida ba irin na ɗaki ba ne. Ana sayar da masu murfi da roba a baki, an rubuta musu IP55 ko IP66, waɗanda ke jure feshin ruwan Agusta da ƙurar hunturu. A ɗaga shi sama da mita ɗaya daga ƙasa, a gefen injin inda hannu zai kai ga makunni ba sai an miƙa ta saman ruwa ba, nesa da bakin famfo da inda tiyo ke zubar da ruwa. Wayar injin ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau zuwa soket, don ruwan da ya bi jikinta ya ɗige a ƙasa. Wayar da aka jawo kuma ta bi cikin bututun roba, domin ranar Kano tana busar da robar waya ta farfashe. Banɗaki ba wurin soket ba ne. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, wadda tamu ta ɗauko abubuwa da yawa daga gare ta, ba ta yarda da soket a ƙasa da mita 2.5 daga wurin wanka ba, kuma banɗakunan gidajen haya kaɗan ne ke da wannan fili.

Mai haya ya fara magana da mai gida kafin a fasa bango. Idan mita ɗaya ake rabawa, a yi maganar kuɗin wuta tun wuri, domin tun da hukumar NERC ta kai unit ɗaya na rukunin Band A naira 225 a Afrilun 2024, kowa ya koyi ƙirga abin da maƙwabci ke jonawa. Dafa lita 15 na ruwa daga zafin ɗaki zuwa digiri 60 yana cin sama da rabin unit, kuma shi ne mafi yawan abin da injin mai hita ke ci. Wanki da ruwan sanyi ya kawar da wannan kuɗin.

Idan KEDCO ta ɗauke

Ƙaramin janareta mai wat ɗari shida zuwa tara zai iya jan injin mai baho biyu da ƙyar, domin moto yana fizgar ninki biyu ko uku na abincinsa lokacin tashi. Injin mai hita ko dutsen guga sun fi ƙarfinsa. Masu sola kuwa su yi lissafi: dutsen guga mai wat 2,000 a kan batir mai bolt 24 yana zuƙar sama da amp 80 daga batirin. Ware wa soket ɗin wanki layinsa yana da wannan amfanin ma, domin ana iya barin sa a ɓangaren wutar NEPA kaɗai, ko a riƙa kunna shi da tsakar rana lokacin da faifan sola ke kan ganiyarsu. Sannan a tambayi mai aikin ko RCD ɗin za ta yi aiki a kan janareta da inbata, domin a wasu ƙananan janareta nutural ba ta haɗe da ƙasa, kuma a irin wannan hali na'urar na iya ƙin faɗuwa. Gwaji ne zai nuna, a kan kowace wuta daban.

Wannan ba aikin da za a koya a bidiyon YouTube a yi da yamma ba ne, musamman abin da ya shafi buɗe akwatin bireka. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba rashin kunya ba ne a nemi ganin ta. Testa mai ɗan ƙwai da ake sa wa a aljihu ba ta isa shaida ba. Takan haska inda babu haɗari, takan kuma yi shiru a cikin hasken rana inda akwai. Kafin a biya cikon kuɗin aiki, maigida ya tsaya a gwada a gabansa da mita: layif tana ramin dama, ramin sama yana haɗe da sandar ƙasa, jikin injin ba ya nuna wuta. Sannan a danna maɓallin T, a ga wutar soket ɗin ta yanke nan take. Wannan dannawar a riƙa maimaita ta aƙalla duk wata shida, domin ƙura kan sa na'urar ta ƙage. Uwargida da yaran da suka yi wayo su san inda makunnin yake, su kuma san cewa wanda wuta ta riƙe ba a kama shi da hannu, makunni ake kashewa tukuna ko a ture shi da busasshen katako.

Idan bayan an gama RCD ɗin ta riƙa faɗuwa duk lokacin da aka kunna injin, wani zai ba da shawarar a cire ta a haɗa kai tsaye. Kada a yarda. Galibi hita ce ta fara tsagewa ko ruwa ya shiga moto, kuma injin ne ke buƙatar mai gyara.